Tokar Rake a Jikin Farar Mota

Ƙarfe sha biyu saura na ranar Litinin aka buga waya ofishin 'yan sanda na Kom Ombo, aka ce an tsinci gawar Hajj Abdurradi a hanyar gonakin rake, bayan ƙauyen Naj Fawwaz.

Sufeto Rif'at ya ajiye shayinsa bai sha ba. Shekararsa goma sha tara yana aiki a yankin nan, ya san a wurinmu gawa ba ta cika tafiya ita kaɗai ba.

Ƙarshen kakar rake ce. An sare gonaki, an cinna wa busasshen ganye wuta, hayaƙi ya kwanta a kan hanya, baƙar toka tana sauka a kan komai. Dattijon yana kwance a gefen siririn dogon da jirgin rake ke bi, ƙeyarsa a kan ƙarfen. Hannayensa sun yi baƙi ƙirin da toka. Na dama yatsu huɗu gare shi, injin matsar rake ya cinye na biyar tun yana saurayi.

Likita ya ɗage jallabiyar, ya nuna gwiwa. "Ƙarfen dogon ne ya kashe shi, amma ture shi aka yi. Mota ce, kuma ba da wani gudu ba."

Sajan Bayumi ya matso kusa da Sufeto yana share gumi, ya kira shi da laƙabin da ake kiran manya a nan. "Basha, mutanen ƙauye sun riga mu gama bincike. Sun ce lorin Khalaf na gidan Tammam ta bi ta nan ɗazu."

"Lori a ƙirji take samun mutum, Bayumi, ba a gwiwa ba."

"Sai ka je ka faɗa wa Hajj Zanati da bakinka, Basha. Ni ina da 'ya'ya."

Hajj Zanati ƙanen mamacin ne. Shekara ashirin da suka wuce, rikicin iyakar gona tsakanin gidansu da gidan Tammam ya ci maza shida kafin a yi sulhu, irin sulhun da ake yi da baki a bar zuciya. Don haka Sufeto bai tsaya jiran komai ba, ya aika aka ɗauko Khalaf aka kulle shi, don ya kwana da ransa.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya je gidan rasuwar. Ba a kafa rumfa ba, ba a jera kujeru ba. Daga ciki ana jin muryar matar mamacin, ta dushe da kuka.

"Allah ya jiƙansa, Hajj," in ji Sufeto.

"Riƙe gaisuwarka, Basha," in ji Hajj Zanati. "Ba mu karɓa tukuna. Ka san lokacin da muke karɓa."

Ya sani. Sai an zubar da jini a madadin jini.

A gefen bango wani matashi yana zaune, kansa a tsakanin gwiwoyi. Mamduh ke nan, ɗan mamacin tilo, wata guda da dawowarsa daga Kuwait bayan shekara bakwai.

"Ina kake da hantsi, Mamduh?"

"A ɗaki. Ban fita ba."

"Na ji ka dawo da mota."

"Tana garejin Usta Milad tun ranar Asabar, ana goge ta."

Hajj Zanati ya buga sandarsa a ƙasa. "Basha, maraya kake wa tambaya, mai laifi yana cin gurasar gwamnati a ofishinka? Ba dai za ka riƙe shi har abada ba."

Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta dami Sufeto. Mai gabatar da ƙara ya riga ya ce idan babu hujja, ranar Alhamis da safe a saki Khalaf.

Washegari aka fito da Khalaf ɗakin tambaya. Ƙaton mutum ne.

"Wace hanya ka bi jiya?"

"Babban titi, Basha. Wallahi babban titi."

"Mutum huɗu sun gan ka a hanyar gona. Ka ƙara rantsuwa ɗaya in buɗe maka ƙofa ka tafi gida yanzu."

Khalaf ya kama gefen tebur. "A'a, Basha, don girman Allah a bar ni a nan! Na bi ta can. Tsoro ne ya sa na yi ƙarya. Amma ban ga Hajj ba, hayaƙi ya rufe ko'ina."

"Me ka gani?"

"Wata ƙaramar mota fara tana juyawa ta hanyar magudana. Ban ga lamba ba. Tana ƙyalli dai, har cikin hayaƙin."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wa zai yarda da ɗan gidan Tammam?" Ya sunkuyar da kai. "'Ya'yana mata uku ne, Basha. Ko wanda zai ɗauki makarata ba ni da shi."

Bayumi ya yini yana bin fararen motoci. Bakwai ne a ƙauyukan da ke kusa, shida ya gano inda suke a lokacin.

"Ta bakwai fa?"

"Ta ɗan mamacin ce, Basha. Ita kuwa a kulle take a gareji. Ban ga amfanin zuwa ba."

Ranar Laraba da safe Sufeto ya tuƙa tasa tsohuwar motar zuwa garejin. Da can ja ce, yanzu rana ta mayar da rufinta kalar bulo. Usta Milad ya fito yana goge hannu, tsoho ne siriri mai zanen gicciye a wuyan hannu. Duk Kom Ombo an san shi da abu biyu: iya aiki, da rashin son a taɓa masa aikin da baki.

Ya shafa rufin motar, ya dubi jan garin da ya maƙale masa a yatsa. "Basha, wannan ai sai dai a yi mata addu'a."

"Me zan shafa mata wanda zai jure ranar nan?"

Ka tambayi mai sana'a sana'arsa, ka ga baki ya buɗe. Usta ya sauko da gwangwani da kwalabe biyu ya jera a kan benci.

"Wannan kaki ne, na ganyen wata bishiya. Ya fi kowanne kyau a ido, amma na ƙasar sanyi ne. A nan, inda za ka iya soya ƙwai a kan bonet, wata ɗaya da rabi ya narke ya bar ka. Masu kai amarya nake shafa wa. Wannan na tsakiya haɗin kamfani ne, ba ya narkewa, yana kai wata shida idan ba da omo kake wanki ba. Shi ne daidai da kai." Ya ɗaga 'yar ƙaramar kwalbar. "Wannan kuwa ruwan gilashi muke ce masa. Idan ya kama, shekara uku rana ba ta cin fentin."

"Shi nake so."

"Ba ka da haƙurinsa. Da sassafe ake shafa shi, ƙarfe na sanyi, a inuwa. Daga nan a rufe motar yini da kwana, ba ruwa, ba ƙura, ko yatsa kada ya taɓa. Duk abin da ya sauka a kai kafin ya bushe, ya zama ɗan gida."

"Akwai wadda ka yi wa in gani?"

Usta ya ja labulen roba. Farar motar tana ciki, an lulluɓe gabanta da tsohon bargo.

"Ta Mamduh ce. Litinin da asuba na shafa mata."

"Ba ta fita ba tun lokacin?"

"Ko taku ɗaya."

Sufeto ya ɗora tafin hannu a rufin, ya ja a hankali. Akwai kaushi kamar yashi. Ya sunkuya ya duba: ƙananan baƙaƙen ɗigo ne birjik a cikin farin. Ya kankara da farce, ba su fita ba. Ya ɗago ya dubi garejin, an yayyafa wa ƙasa ruwa, an toshe tagogi da leda, gonar rake mafi kusa kuma tana da nisan kilomita takwas.

Ya taɓe baki, ya ɗaga murya yadda masu shagunan maƙwabta za su ji. "Wannan ne aikin da ake ta yabo? Duk datti a ciki! Usta, tsufa ya zo. Bari in kai tawa Aswan, wurin waɗanda idonsu ke gani."

Fuskar tsohon ta canza. "Idona? Shekara arba'in ina wannan aiki! Kamar madubi na bar ta! Sai da na ce masa kada ya fitar da ita, na roƙe shi, ya ce minti talatin kawai..."

Ya farga, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

"Ƙarfe nawa?" Sufeto ya tambaya a hankali.

"Goma da rabi." Usta ya zauna a kan wata taya. "Ya dawo da ita sha ɗaya da kwata, ya jefo mini makulli, ya ce idan an tambaya ba ta fita ba. Basha, shago ɗaya gare ni a garin nan. Ni wa, da zan sa baki a maganar manyan gidaje?"

"Bargon fa?"

"Ɗaga ka gani. Ni ba na iya sake kallo."

Sufeto ya ɗaga. Ya daɗe a tsaye, sannan ya mayar da bargon yadda yake. Bai ji daɗin da mai bincike ke ji idan ya kama bakin zare ba, baƙin ciki ne kawai ya cika shi.

Ya san takardar kotu ba ta sauke bindiga a Naj Fawwaz. Idan ba Hajj Zanati ne ya gani da idonsa ba, za a ce gidan Tammam sun sayi 'yan sanda, Khalaf kuma ba zai kai Juma'a ba. Don haka bayan la'asar ya sa Bayumi ya kawo su garejin su biyu, baffa da ɗan wansa.

"Wane irin wulaƙanci ne wannan?" in ji Hajj Zanati. "Muna cikin makoki ka kawo mu kallon mota?"

"Mamduh," in ji Sufeto, "ka ce ba ka fita ba ranar Litinin."

"Ban fita ba."

"Motar ma ba ta fita ba?"

"Tambayi Usta."

"Na tambaye shi. Na kuma tambayi motar. Tokar rake ce a jikinta, na sa farce ta ƙi fita."

"Toka ai iska ke kawo ta," in ji Hajj Zanati.

Sufeto ya janye bargon.

Babu lotsawa ko kaɗan a bonet ɗin. Sai dai a tsakiyarsa akwai shatin tafin hannu, baƙi, ya zauna daram a cikin sheƙin. Yatsu huɗu.

Sandar Hajj Zanati ta faɗi. Ya matsa, ya kai nasa hannun kusa da shatin, bai taɓa ba. Hannun da ya yi shekara sittin yana cin abinci da shi a akushi ɗaya ne, ba ya bukatar likita ya gaya masa.

Mamduh bai taɓa ganin shatin ba sai yanzu. Ya zube a kan jiƙaƙƙen siminti.

"So nake ya gan ta, Baffa," ya ce. "Tun da na dawo bai ko leƙa ta ba. Cewa yake na bar masa gona na je ina yi wa wasu bauta saboda ƙarfe. Da na ga yadda take ƙyalli ranar da safe, na ce yau dai zai kalle ta, ko sau ɗaya. Na kasa jira har washegari."

"Sai aka yi yaya?" in ji Sufeto.

"Hayaƙi. Ban gan shi ba sai da ya ɗago hannu a gabana. Na taka burki, wallahi na taka. Na fito, na kira shi, bai amsa ba. Sai na ji ƙarar lori tana zuwa."

"Ka gudu."

"Na gudu."

Hajj Zanati ya yi magana bai juyo ba. "Ya cika kafin ka tafi?"

Mamduh ya ɗago kai.

"Yana numfashi, Baffa."

Usta Milad ya rufe fuska da tsumman hannunsa.

"Da ka ji an ambaci Khalaf fa?" in ji Sufeto. "Kana zaune ana shirin kashe uban 'ya'ya uku."

"Na ce ko za su huce," in ji Mamduh. Shi kansa bai yarda da maganar ba.

Bayumi ya ɗaga shi, ya sa masa ankwa. Bai yi gardama ba. Da suka zo wucewa ta gaban baffansa ya tsaya, yana jiran mari ko tsinuwa, ko ma kallo. Dattijon bai ba shi ko ɗaya ba.

Sufeto ya ɗauko sandar ya miƙa masa. "Gobe da safe zan saki Khalaf, Hajj. Ina so ya kwana a gidansa, ya kuma tashi."

"Babu mai taɓa shi. Da bakina zan faɗa wa samarinmu."

Ya karɓi sandar, ya nufi ƙofa yana jan ƙafa, sannan ya waiwayo.

"Ka yi aikinka, Basha, ba na zarginka. Amma da ka bar mu mun kashe Khalaf, da na san abin da zan faɗa wa uwar yaron nan. Yanzu tana can ta ɗora masa abinci, wai kwana uku bai ci komai ba."

Sufeto ya fita daga garejin. Ya shiga mota ya zauna kusa da Mamduh, ya ce wa Bayumi ya bi ta bayan gari, kada su wuce ta ƙofar gidan.