Alkaki Mai Hawa Uku

"Wannan mai hawa ukun nake so," in ji Murja, ta ɗora yatsa a kan hoton.

Kalilu ya yi murmushi. Tun la'asar suke zaune a zauren gidansu Murja yana nuna mata hotunan kek da ya karɓo a kantin wani Kwara ɗan Labanan a Kano. Akwai mai siffar zuciya, akwai mai furannin sukari, akwai wanda aka dasa wa 'yan tsanan ango da amarya a ka. Wannan kam da sauri ya kife shi, don ya san mahaifinsa gumaka zai kira su.

"Abin da kike so shi za a yi, hasken idona," ya ce. "A Kaduna yanzu duk ma'aikacin da bai yanka kek ba kamar bai yi aure ba."

Shekarun nan kuɗin fetur sun sa kowa ya buɗe ido, har mu na Daura. Kalilu akawu ne, kuma yana son Murja tsakani da Allah, sai dai yana son abokan ofis su gani su yaba.

Abin da ba su lura da shi ba, Inna Kubura, uwar Murja, na tsaye bayan labulen kara da kofin ruwa a hannu.

Duk amaryar da aka kai da gara mai kyau daga nan har Sandamu, alkakin Kubura ne a ciki. Ta yi wa 'ya'yan mutane har amosani ya lanƙwashe mata yatsu, tana jiran ranar da za ta yi wa tata. Murja ce 'yar fari, kuma ita kaɗai ta rayu. Saboda kunyar 'yar fari, Kubura ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa miƙa mata kyauta hannu da hannu ba. "Yarinyar nan" take cewa. Murja kuwa ta girma tana zaton uwarta ba ta damu da ita ba, abin yana ci mata rai.

Da safe Kubura ta tambayi bango, kamar yadda ta saba, wai shi wannan abu mai hawa uku da me ake yinsa. Murja ta amsa a gajarce cewa ba aikin turmi ba ne, na zamani ne. Uwar ta nufi madafi. Ta jiƙa barzajjiyar alkama, ta aika Zango aka kawo zuma. Kwana da kwanaki tana murzawa da yatsun da ba sa miƙewa, tafasasshen mai yana fantsar mata a hannu.

Ranar fati kek ya iso daga Kano a bayan motar Fijo, fari fat, ko kwarzane babu. Ana cikin tafi sai ga Hasana, ƙawar amarya, da faranti a ka. Ta rusuna ta raɗa mata cewa saƙon Inna ne, wai a ajiye kusa da na Kano, kuma amarya ta fara cin na sama da hannunta.

Murja ta ɗaga mayafin. Alkaki ne aka jera hawa uku, babba a ƙasa, ƙarami a sama, ya ɗan karkace, zuma tana tsiyaya a gefe. Matar wani abokin Kalilu ta leƙo, ta rufe baki da jaka. Kunya ta kama Murja har kunnuwanta suka yi zafi.

"Fita da shi," ta ce. "Raba wa yaran da ke ƙofa."

Suka yanka kek, mai hoto ya ɗauka. Hawan sama Kalilu ya sa a sabon firjinsu mai kananzir, ya ce haka Turawa ke yi, sai ranar sunan ɗan fari.

Amarya ba ta zarya gida, don haka Murja ba ta ga uwarta ba har damina ta faɗi. Ranar da aka aiko ta zo, ta tarar da Kubura a kwance, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Ta zauna a bakin gadon, ta kama hannun nan mai tabon ƙuna. Tsohuwar ta kawar da kai, amma yatsunta suna shafa na 'yarta ɗaya bayan ɗaya.

"Yarinyar nan... alkakin ya yi zuma?"

"Ya yi, Inna. Na cinye na saman tas."

Kubura ta sake shafa yatsun, a hankali.

"To ban ji zoben ba. Na azurfar nan na uwata... a tsakiyar na sama na cusa shi."

Murja ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta buɗe baki, kuka ya riga magana fita. Ta kifa fuska a kan tabarmar gadon tana cewa a yafe mata, ita ta sa aka raba, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

"Bar kuka," in ji uwar. "Yara sun ci, ai sadaka ce. Laifina ne da ban iya miƙa miki ba, Murjanatu."

Ran nan ne ta fara jin sunanta a bakin uwarta, kuma ba ta sake ji ba. Kafin Juma'a aka kai Kubura makwancinta.

Bayan addu'ar bakwai Kalilu ya bi unguwa gida-gida yana cigiyar zobe, Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Babu wanda ya gani. Ya dawo ya tarar da ita tsaye gaban firji a buɗe, da ƙaramin cikinta, tana kallon farin kek ɗin da furanninsa.

"Rabin raina, in yanko miki? Ba ki ci komai ba tun jiya."

Ta girgiza kai, ta mayar da murfin.

"Alkaki nake so," ta ce.