Wayoyin Fulogi

Makanike guda, a ce motarsa ta gagare shi? Shi ya sa bayan magariba ya garƙame ƙofar gida da kwaɗo ta ciki, don kada maƙwabta su leƙo su ga injin yana tari yana karkarwa kamar mai masassara. Ya canza fulogi, ya wanke kafireta, duk a banza.

Matarsa ta leƙo ta taga. "Baban yara, ko a kira makanike ne?"

Ya ƙara duƙufa a kan injin.

"Sannu da aiki," in ji wata murya a bayansa, kamar daga cikin randa. Wani dogon tsoho ne, yana warin jiƙaƙƙiyar toka. Ya dafa injin da tafin hannu, duk zafinsa, ko gezau bai yi ba.

"Ɗana, ai wayoyin fulogin ka juya. Ta biyu tana wurin ta uku."

Kuskuren da kullum yake zagin yaran garejinsa a kai ke nan. Ya gyara, injin ya ɗauka sumul. Kunya ta hana shi haɗa ido da tsohon, sai ya sunkuyar da kai zai yi godiya. A nan ya ga ƙafafun baƙon: dugadugan suna gaba, yatsun suna baya. Makullin kwaɗon kuwa yana nan cikin aljihun makaniken.