Bugu Uku a Ɗakin Mama Halina

Salamu alaikum mutanena, masu bibiyata, da ku masu laɓewa kuna karantawa ba kwa cewa uffan, ku ma na gan ku. Ku gyara zama. Yau labarin fatalwa na kawo muku daga unguwar Ridgewood, nan New York. In kun gama tsigar jikinku ba ta tashi ba, ku kira ni da duk sunan da kuka ga dama.

Ranar Talata da hantsi Nilsa Barreto ta durƙusa a ɗakin barcin Mama Halina Wolny, ta ɗora filam, wato ma'aunin nan na magina, a kan lagireton ɗumama ɗakin. Ɗigon iskar da ke ciki ya gudu ɓangaren da bai kamata ba. Nilsa ta ja tsaki. Shekararta ashirin da shida tana gyaran tukwanen tururi masu ɗumama gida a tsofaffin gidajen unguwar, ƙarfe bai taɓa yi mata ƙarya ba.

"Mama, wa ya taɓa wannan abin?"

"Tadeusz," in ji tsohuwar. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

To, Tadeusz mijinta ne, kuma tun watan Satumba yana kabari. Shi ya ɗauki Nilsa aiki tun watan Maris, ta sabunta masa tukunyar da ke ɗakin ƙasa da bututun gidan gaba ɗaya, gida mai hawa uku da ya haura shekara ɗari. Shekara arba'in da tara, duk safiya in ya gama duba tukunya sai ya ɗauki sifana ya bugi bututu sau uku. Ma'ana, Halina ɗora shayi, ga ni nan hawowa.

Yanzu mutum ya mutu, bugu bai mutu ba. Ƙarfe bakwai na safe, da tukunya ta kama, sai lagireton ɗakinta ya ɗauka: kwang, kwang, kwang. Tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya ta daina cin abinci. Ta goge baƙar rigarta ta rataye a bayan ƙofa, wai ita za a binne ta da ita. Shayi kofi biyu take dafawa, ɗaya ya huce a gaban kujerar da ba kowa.

"Kirana yake yi, 'yar nan. Ya gaji da jira."

Ranar Juma'a likita zai zo duba ta. In ya rubuta cewa hankalinta ya gushe, sai gidan tsofaffi, ta bar ɗakin da ta shiga tana amarya.

Nilsa ta kwanta rub da ciki, ta haska tocila ƙarƙashin lagireton. Irin wannan tsohon tsarin bututu ɗaya gare shi, ta nan tururi ke shiga, ta nan ruwa ke komawa. Dole ƙarfen ya ɗan karkata wajen bututun. In bai karkata ba ruwa ya kwanta a ciki, tururi ya zo a guje ya make shi, ka ji kamar ana dukan ƙofar lahira. Shi ya sa Tadeusz ya cusa tsofaffin kwabban shiga jirgin ƙasa a ƙarƙashin ƙafafun nesa, uku uku. Nilsa ta gan su da idonta a watan Maris, har da ɗigon shuɗin fentin da ya yi wa lagireton don matarsa na son shuɗi.

Yau babu su. Sai zagayen gurbinsu a cikin ƙura. A tsakiya kuma katakon daɓen ya lotsa, ga tabon baƙin mai.

"Fatalwa mai yawo da jak ɗin mota," ta ce a ranta. "Lallai lahira ta ci gaba."

Ƙarfen nan ya fi buhun siminti huɗu nauyi. Mutum uku ne ke da mabuɗin ɗakin. Ta fara da hawa na biyu, wajen Dwayne Pettiford, ɗan haya, direban bas, ƙato kamar firij. Ya buɗe ƙofa da jaririya a kafaɗa, idanunsa jawur.

"Uwar ɗakina, in kin zo kashe wannan gangar ne, shigo in dafa miki ƙwai."

"Tambaya na zo yi. Kana shiga ɗakin Mama?"

"Ina kai mata cefane ranar Asabar."

"Kana iya ɗaga lagireto?"

"Da hannu ɗaya, ɗayan ina shan kofi. Don me?"

"Wani ya karkatar da nata da gangan."

Dwayne ya nuna jaririyar da haɓa. "Kin ga wannan? Ƙarfe biyun dare nake tashi daga aiki, ita kuma ba ta barci sai gari ya kusa wayewa. Ƙarfe bakwai bututu ya tashe ta, ita ta tashe ni, matata ta tashi ta ɗora min laifi. Ni zan haɗa wa kaina wannan? Ai ko mahaukaci ba ya cinna wa rigar jikinsa wuta."

Ya rage murya. "Amma gaskiya ni ma na daina sauka ɗakin ƙasa. Sifanar tsohon tana nan rataye. Sai in ga kamar tana lilo."

Nilsa ta cire shi daga zargi. Mai ɗagawa da hannu ba ya neman jak.

Hawa na uku Roman ne, ƙanen marigayin, ɗan shekara saba'in da huɗu, yana dogara sanda. Shi ke kai wa Halina burodi mai zafi kowace safiya. Ya zaunar da Nilsa, ya zuba mata miyar kabeji ba tare da ya tambaye ta ba.

"Ci, yarinya, kin rame kamar bututun rabin inci."

"Baba, kai ma kana jin bugun?"

"Daga nesa. Ni nan lafiya lau nake barci, nawa lagireton shiru kamar coci ranar Litinin." Ya share ido da hankici. "Halina ce abin tausayi. Jiya ce min ta yi wai Tadeusz ya fara fushi. Ba a barin mutum haka shi kaɗai."

Nilsa ta yi godiya ta sauko.

A bakin ƙofa ta ci karo da Renata, 'yar Mama Halina tilo, ta iso daga New Jersey a jibgegiyar mota, takardun likita a hammata. Ita ta kira likitan. Ga mota, ga jak, ga mabuɗi. Ni ma da ita zan kama, kada ku ji kunya.

"Ke ce mai gyaran? Don Allah ki murɗa abin nan rabi, ko ƙarar ta ragu."

Nilsa ta kusa dariya. Duk wanda ya san tururi ya san ba a murɗa bakin lagireto rabi. Ko a buɗe duka ko a rufe duka, rabi shi ke ƙara haukata shi.

"In an kai Mama gidan tsofaffi, nawa za ki sayar da gidan?"

Renata ta watsa mata harara. "Ke, iya bakinki. Ni ko bulo ɗaya ba ni da shi a nan. Gidan kakanmu ne. Wasiyya ta ce Mama ta zauna muddin tana iya zama a ciki, ranar da ta fita ya koma hannun Baffa Roman. Ni uwata nake so ta rayu. Kin ga yadda ta koma?"

Nilsa ta zaro littafin aikinta daga aljihu, ta buɗe shafin watan Maris. Ga rubutunta: hawa na uku, daɓe ya lotsa, lagireto na bugu fiye da na kowa, a gyara. Kuma ba ta kai ga hawa na uku ba tukuna.

"Baffanki wane aiki ya yi kafin ya huta?"

"Bakanike ne. Shekara arba'in a gareji."

"Biyo ni. Kira Dwayne ma."

Roman na ganinsu su uku ya ajiye cokali. Nilsa ta wuce kai tsaye ta ɗora filam a lagiretonsa. Ɗigon ya zauna daidai inda ake so, kamar ɗan makarantar da ya yi wanka.

"Baba, wa ya gyara maka?"

"Shi ya gaji ya yi shiru."

"Ƙarfe ba ya gajiya. Dwayne, ɗan ɗaga min nan."

Dwayne ya miƙa wa Renata jaririya, ya ɗaga. Nilsa ta zura hannu ta zaro kwabbai shida, ta jera su a tebur kusa da kwanon miya. Kowanne da ɗigon shuɗin fenti. Lagireton Roman kuwa ruwan azurfa ne.

"Ga yadda aka yi," in ji ta. "Sanda ba ta hana bakanike aiki, jak ke ɗagawa, ba ƙashi ba. Ka kawo burodi, Mama ta tafi coci, ka ɗaga ƙarfen ka zare kwabban. Da ka zuba su a kwata, da har yau ina zargin Renata. Amma kai ɗan gidan tururi ne. Shekara nawa naka na hana ka barcin safe? Ga magani a tafin hannunka, ka kasa jefarwa. Ka sayo wa kanka shiru, ka aika wa matar yayanka mutuwa."

"Baffa?" Renata ta ce, da ƙyar. "Kai da kake kai mata burodi?"

Roman ya dubi kwabban.

"A ɗakin nan aka haife ni," ya ce. "Shekara saba'in da huɗu ina zaman baƙo a gidan ubana. Ban so ta mutu ba. So na yi ta tafi inda za a kula da ita."

"Ta goge rigar binnewa, Baba."

"Na gani." Ya ɗago kai, fuskarsa ta yi fari. "Amma ku sani, ba ni na fara ba. Ran ɗaya ga Nuwamba na zare su. Ita kuwa tun washegarin jana'iza ta ce min ya buga mata sau uku. Nan na samo dabarar. Ni ma ina kan matakala ran nan. Na ji."

Nilsa ta yi lissafi a ranta. A makon jana'izar tukunyar a kashe take. Ita da hannunta ta tsiyaye ruwan, ta kwance bututun, ta kulle ɗakin ƙasa, mabuɗin yana aljihunta.

Renata ta kira 'yan sanda, ta kuma soke zuwan likita. Da yamma Nilsa ta mayar da kwabbai shida gurbinsu, Mama Halina na zaune a gefen gado tana kallo. An yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara, ta sha miya rabin kwano, ta sa Renata ta mayar da baƙar rigar cikin akwati.

Washegari ƙarfe bakwai Nilsa na tsaye a ɗakin. Tukunya ta kama. Tururi ya hawo a hankali, lagireto ya ɗau ɗumi, ko ƙis. Tsohuwa na riƙe da butar shayi, kofi biyu a gabanta, tana jira. Bakwai da minti biyar. Da minti goma. Ta cika kofunan biyu, ta ajiye butar.

"Aikinki ya yi kyau, 'yar nan."

"Na gode, Mama."

"Na san ruwa ne. Ban haukace ba." Ta shafa shuɗin ƙarfen kamar mai shafa kafaɗar mutum. "Amma cire min kwabo ɗaya. Ɗaya tak. Gidan ya yi shiru da yawa."

Nilsa ta dubi filam ɗin da ke hannunta, ta dubi kofi na biyu yana tururi a gaban kujerar da ba kowa.

To mutanena, ga ku ga Mama Halina, jak na nan a jingine a bakin ƙofa. Ku ne Nilsa: za ku cire mata kwabon, ko za ku bar ta da shirun?