Kurɓa Ɗaya Duk Minti Goma

Ƙirrr...

Karo na uku ke nan agogon yana kuka a cikin jakar Auta, karo na uku kuma Umma, mahaifiyar saurayinta, tana katse magana ta zuba mata ido.

Auta ta cusa hannu ta kashe shi. Ta zaro 'yar gorarta, ta kurɓi ruwan da bai fi cokali biyu ba, ta mayar. Ga tire a gabanta: abinci, kofin ruwan sanyi yana ta raɓa, da lemon kwalba ko buɗewa ba ta yi ba.

"Sauri kike yi ne, 'yata?"

"A'a, Umma..."

Gimbiya, 'yar ƙanwar Umma, wadda ta yi shekara biyu tana kwalliya saboda ɗan gidan bai ko lura ba, ta yi 'yar dariya. Ta ce ai wasu ba sa shan ruwan gidan mutane, da nasu suke tahowa, kuma da agogo suke auna zaman da za su yi.

Fuskar Umma ta canja.

Wata huɗu ke nan da aka yi wa Auta tiyatar rage tumbi, bayan ƙiba ta haɗa ta da hawan jini da ciwon gwiwa har taka keken ɗinki ya fara gagararta. Yanzu cikinta bai ɗaukar fiye da ƙaramin kofi. Likita ta ja mata kunne: ban da kwankwaɗar ruwa, ban da lemo mai gas, ban da haɗa ci da sha. Kurɓa kaɗan-kaɗan wuni guda, balle a wannan zafin da kwalta ke kama takalmi.

Matsalar ita ce in Auta ta kama ɗinki, ko sunanta mantawa take yi. Ran nan Mai Agogo, wanda shagonsa ke kallon nata, ya hango ta ta dafe bango jiri na ɗibarta. Bayan kwana biyu ya ajiye mata wani ɗan agogo a kan keke, ya ce ya koya masa kuka duk minti goma. Daga tambayar ko ta sha ruwa aka koma tambayar ko ta yi kewarsa.

Abu ɗaya ta roƙe shi: kada danginsa su ji zancen tiyatar. Ba ta son a ce a asibiti ta samo ƙirar jiki.

Yau kuwa ranar gaisuwar farko ce, ya sauke ta ya koma shago, kuma ta san bai taɓa tsallake maganar mahaifiyarsa ba. In Umma ta ce yarinyar nan mai girman kai ce, shi ke nan.

Da Umma ta tashi ɗauko kundin hotuna, Auta ta zare batirin agogon, ta tura gorar can ƙasan jaka. Ta tsakuri abinci cokali uku don a ga ta ci. Kafin rabin awar da za ta jira ta sha ruwa ta cika, Gimbiya ta kwashe tiren gaba ɗaya, har kofin.

"Tunda ba a sha, kada ya huce a banza."

Sai wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya.

Falon ya koma kamar murhu. Umma ta saki jiki, tana nuna mata hoton ɗanta yana shekara shida ya wargaza agogon bangon gidan. Auta tana dariya, harshenta yana mannewa. Ta so ta roƙi ruwa, kunya ta hana. Ta so ta zaro gora, idon Gimbiya ya hana. Awa ɗaya ta wuce, biyu ta wuce, kanta ya fara sara.

Da ta ji sallamar Mai Agogo ta miƙe, sai ɗakin ya juya. Ta zube kan kujera.

Gimbiya ta rugo da babban jug cike da ruwa, tana cewa a ɗura mata.

"Kada ki soma!" Ya tare jug ɗin da hannu.

Ya zazzage jakar, ya ga agogo shiru, ga batiri a gefe. Ya durƙusa, ya tsiyaya ruwa a murfin gorar ya kai bakinta.

"A hankali, sanyin idona. Ɗaya... huta. Yauwa."

Umma tana mata fifita da kundin hotunan, shi kuma ya kira likitarta, wadda ta ce a ci gaba da kurɓa, a jiƙa mata wuya, in jirin bai lafa ba a kawo ta nan take.

Gimbiya ta karkace baki ta ce jiri, ga ƙin abinci, ga ɓoye-ɓoye, ita dai da a bincika kafin a sa rana.

Wannan maganar ce ta buɗe idon Auta tar. Ta gyara zama, ta faɗi komai da bakinta: ƙibar, tiyatar, dokokin likita, da dalilin agogon.

Tana gamawa, ta fara neman mayafinta.

"Wato a falona," in ji Umma a hankali, "'yar mutane ta yi awa biyu da ƙishi, ina ta nuna mata hoto?"

Ta juya kan ɗanta ta wanke shi tas, ta ce ya iya gyaran agogon duniya amma bai iya buɗe baki ba. Ta aiki Gimbiya ta mayar da jug ta kawo ƙaramin kofi, ta ƙara da cewa in ta dawo ta bar bakinta a kicin. Sannan ta miƙa hannu.

"Ba ni batirin nan."

Da kanta ta saka shi, ta ɗora agogon a cinyarta.

"Ke kuma, 'yata, wadda ta shiga ɗakin tiyata don lafiyarta ba ta da abin jin kunya. Kunyar ruwa kuwa, kada na sake gani."

Ranar aurensu zafin ya fi na ran nan. Mai hoto ya sha wahala kafin ya jera dangi, ya ɗaga hannu, ya ce kowa ya yi murmushi.

Ƙirrr...

"Dakata, malam," in ji Umma, tana ratsa mutane da ƙaramin kofi. "'Yata za ta sha ruwa."

Auta ta kurɓa tana ƙunshe dariya. Ango ya sunkuyo kusa da kunnenta, ya ce shi fa an ƙwace masa aiki.

"Ka yi haƙuri, masoyi," ta ce. "Umma ta fi ka kiyaye lokaci."