Na Yarda, Amma Bari In Duba

"Na ce maka na kashe murhun, Oskari."

"Na ji, zinariyata."

"To ina kuma za ka?"

"In duba."

Kaisa ta bi shi da harara har ya shige gidan, mota a kunne, ga shi sun riga sun makara. Ba yau farau ba. In ta ce ta kulle ƙofa, sai ya murɗa hannun ƙofar. In ta ce wutar sauna, ɗakin wankan tururi, ta mutu, sai ya buɗe ya leƙa. Ko kwalbar feshin goge gilashi ya ɗauka, yatsansa a miƙe yake a gefe kamar an ɗaure shi da kara, bakin kwalbar na kallon ƙasa, wai kada ya auna mutum da ita. Ruwan sabulu fa!

Ya dawo ya zauna yana ɗaura bel.

"A kashe yake."

"Ashe dai ban yi ƙarya ba."

"Wa ya ce kin yi ƙarya?"

"Ƙafafunka ne suka ce. Wata biyu ya rage a ɗaura mana aure, har yau maganata ba ta ishe ka ba..."

"Kaisa, ko Babana ne ya miƙo min bindiga ya ce babu harsashi, sai na buɗe na gani. In ni na miƙa masa, shi ma sai ya buɗe. Ba mu taɓa faɗa a kan haka ba."

"Ni ba bindiga ba ce. Kuma don Allah yau kada kalmar nan ta fito daga bakinka a gaban Mama."

Ya ja mota. Oskari kafinta ne, mai sanyin hali har ya so ya yi yawa, kuma tun yana saurayi yake bin mahaifinsa farautar hirvi, barewar nan da ta fi doki girma. Wannan ita ce matsalar.

Kaisa tana 'yar shekara tara aka kawo labarin mahaifinta, Pentti. Bindigar abokinsa ce ta tashi a bakin daji, suna shirin komawa gida. Tun daga ranar naman hirvi bai sake shiga tukunyar mahaifiyarta Marjatta ba. Da Kaisa ta gaya mata wanda take so, amsa ɗaya ta samu: "Aure naki ne, ban hana ki ba. Amma kada ki ajiye min kujera."

Ita kaɗai Marjatta ta haifa, ita kaɗai ta rage mata. Shi ya sa tun suna barin garin Kajaani zuwa ƙauyen Mama, Kaisa ke juya zoben da ke yatsanta. Ta riga ta yanke a ranta, ba ta gaya wa kowa ba: in yau ma Mama ta ce a'a, za ta mayar wa Oskari zobensa, ko da zuciyarta za ta fashe.

Kafin su shiga ƙauyen ta zare shi ta saka a aljihu. Oskari ya gani, ya ci gaba da tuƙi.

Marjatta na tsaye a baranda, hannu a naɗe. Matakalar ƙofarta ta ruɓe tun hunturu, da wannan dalilin Kaisa ta samu aka yarda Oskari ya zo gyara.

"Kai ne maharbin?"

"Kafinta ne, Marjatta. Oskari."

"Na san sunanka. Ga matakalar nan. Kada ka taka min furanni."

Ta shige. Sai dai duk wanda ya san Marjatta ya san ba nisa ta yi ba. Labulen kicin ya ɗan motsa, ya tsaya a haka.

Oskari ya ɓalle tsofaffin katakan, ya auna, ya yanka, sannan ya ciro bindigar ƙusa mai batir daga akwatinta. Kaisa ta zaro ido. Duk kayan aikin duniya, sai mai wannan suna?

"Ba ka da guduma ne?" ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Da guduma sai mu kwana a nan. Kina ganin za ta ba ni katifa?"

"Ko tabarmar kare ba za ta ba ka ba."

Ya fara aiki. Duk lokacin da Kaisa ta zo wucewa da katako, sai ya ɗaga yatsa daga kan kunamar, ya juya bakin abin zuwa ƙasa, ya jira ta wuce. Kyanwar gidan ta zo tana shinshina takalminsa, ita ma haka ya yi mata. Shi bai ma san yana yi ba, yana ta fito da baki abinsa.

Da aka zo katako na ƙarshe ya miƙa wa Kaisa, bayan ya zare batirin ya ba ta daban.

"Ke za ki buga na ƙarshe. Gidanku ne."

Ta mayar da batirin, ta buga ƙusoshin, biyu suka shiga a karkace. Suna cikin dariya ƙofa ta buɗe.

"Kofi ya yi," in ji Marjatta.

Kaisa ta aje bindigar ƙusar a kan benci yadda take, da batirinta da komai, ta ruga ɗauko kofuna. Da ta fito da tire da burodin kirfa, sai ta tsaya cak. Mama ce riƙe da abin. Ta danna ta zare batirin, irin na matar da ta daɗe tana gyaran gidanta da kanta, ta ɗaga shi sama a hannun hagu, ta miƙa wa Oskari bindigar da dama.

"Karɓi kayanka. Na cire batirin, ga shi kana gani."

Kaisa ta zuba masa ido tana roƙonsa a zuci. Ka karɓa kawai... yau ɗaya dai ka karɓa ka ce na gode. A garin nan in babba ya faɗi magana, ta zauna. Wanda ya sake dubawa ya ƙaryata shi ke nan.

"Na gode," in ji Oskari.

Ya karɓa. Ya juya bakin zuwa ƙasa, nesa da ƙafar Marjatta. Ya leƙa gurbin batirin, ya sa yatsa ya shafa, sannan ya ja murfin ya zare sauran ƙusoshin.

Kofunan suka fara kaɗawa a kan tiren Kaisa.

"Makaho ne kai?" Muryar Marjatta a bushe. "Ko maƙaryaciya ka ɗauke ni?"

"Ko ɗaya. Na yarda da ke, kuma idona ya gani. Hannuna ne bai gani ba tukuna."

"In kuma na ji haushi fa?"

Kunnuwansa suka yi ja, amma bai sunkuyar da kai ba.

"Sai in ba ki haƙuri. Gobe in kin sake miƙo min, in sake dubawa."

Shi ke nan, Kaisa ta ce a ranta. Ta ji zoben a aljihunta ya yi nauyi kamar dutse.

Marjatta ta dube shi. Sai kawai ta sulale ta zauna a kan sabuwar matakalar, batirin a cinyarta, kafaɗunta na rawa.

"Mama!"

"Aje tiren nan kafin ki fasa min kofuna. Zo ki zauna."

Kaisa ta zauna a gefenta. Rabon da ta ga hawayen mahaifiyarta tun ranar jana'iza.

"Babanki bai mutu nan take ba. Na same shi a asibiti, har ya yi min magana. Ya ce ya ga abokinsa Raimo zai saka bindiga a mota a rufe. Ya tambaye shi, ka sauke harsashin? Raimo ya ce na sauke. Ya ce min, Marjatta, sai da bakina ya buɗe zan ce buɗe in gani, sai na ji nauyi. Tare muka taso, yaya zan ƙaryata shi a gaban mutane?"

Ta share ido da bayan hannu.

"Kowa na cewa bindiga ce ta kashe shi. Ni na san jin nauyi ne."

"Ba ki taɓa gaya min ba..."

"In ce miki me? Babanki ya mutu don ya cika ladabi?" Ta ɗago ta dubi Oskari. "Tun safe nake kallonka ta taga. Har kyanwa ka kauce wa. Na ce bari in gani ko zai iya yi min a fuskata, yana neman 'yata, yana tsoron ɓata min rai. Da gangan na yi."

"Na yi zaton korata za ki yi," in ji Oskari.

"Amma ka duba."

"Na duba."

"To na gode, ɗana."

Kaisa ta kifa kai a kafaɗar mahaifiyarta ta fashe da kuka. Kunya da godiya suka haɗu suka cika mata ƙirji. Ta tuna murhun safe, da ƙofa, da sauna, da duk ranakun da ta yi masa tsawa. Ashe duk komawar nan da yake yi, don ita yake komawa.

"Ina zoben?" in ji Marjatta. "Kina zaton ban ga sawunsa a yatsanki ba? Mayar da shi. Kai kuma sha kofinka kafin ya huce. In kaka ta yi, ka kawo min cinyar hirvi. Na manta yadda ake dafa ta, amma zan tuna."

A hanyar komawa Kaisa ta ɗora hannu a kan nasa.

"Ka yafe min, masoyina."

"Me kika yi?"

"Ka sani."

"Na yafe. Amma ƙusoshin nan biyu da kika karkata, ban yafe ba."

Ranar ɗaurin auren, daga gidan Marjatta amarya ta fito. Mota na jira, a can coci kuma ango na jira. Marjatta ta jawo ƙofa, sanye da rigar da ta rantse ba za ta ɗinka ba.

"Mu tafi, na kashe murhun."

"Na yarda, Mama. Amma bari in duba."

Kaisa ta tattare farar rigarta, ta hau matakalar, ta shiga kicin ta shafa kan murhun da tafin hannunta. Sanyi ƙalau. Da ta fito, Marjatta na tsaye inda ta bar ta, ido cike da ruwa, tana murmushi.

"A kashe yake?"

"A kashe yake, Mama."

Marjatta ta gyara mata mayafi, ta riƙe hannunta gam.

"Da Babanki ya ji daɗi," ta ce. "Mu je, kada yaron nan ya taso dubawa ko mun fasa."