Hanyar da Jibrilla Ya Shafe

Bayan la'asar Jibrilla ya ɗaure allonsa a bayan motonsa mai ƙafa biyu, ya nufi dajin gabas da Kore Mairuwa. Mai zane ne, kuma gwani, ba zan rage masa ba. Ma'aikatan Yamai har gida suke bin sa don hoton duwatsu da gawo. Aibinsa ɗaya: ba ya son sawun mutum a zanensa. Daji zalla yake so.

Matarsa Habsatu ta ce, "Malam, rana ta tafi. Bari sai gobe."

"Jan hasken nan nake nema, ke ma kin sani."

Inda moto ya kasa, ya bi 'yar hanyar makiyaya da ƙafa har cikin wani kwari tsakanin duwatsu biyu. Ya zana komai yadda yake. Da ya duba, hanyar ta ɓata masa hoto. Ya dangwali koren fenti ya shafe ta.

Kurciyoyi suka yi tsit.

Ya juya zai tafi. Babu hanya. Geza da sabara sun haɗe ko'ina, har wuya. Ya kutsa gabas, ƙaya ta yage masa riga, ya fito gaban allonsa. Ya kutsa yamma. Allon dai.

Sai warin nono mai tsami.

"Sarkin fenti," wata murya ta raɗa daga saman kansa. "Ka rufe ƙofa. To zauna."

Bai ɗaga kai ba. Inuwarta kawai ya gani, doguwa, ta haye allon. Ya gane aljanar dajin ce.

"Inna, ki yi haƙuri. Ban sani ba."

"Kowa da ke nan bai sani ba."

Bayan geza, wani ya yi tari. Wani kuma.

Ya lalubi fenti. Duk ya bushe kamar dutse. Haske saura kaɗan.

Ya ciji yatsa. Ya ja jini a kan allon, inda ya shafe hanyar, daga gindin dutse zuwa bakin allon.

Geza ta buɗe, faɗin mutum ɗaya. Ya ruga, numfashi mai sanyi na bin ƙeyarsa.

Jibrilla bai sake zanen daji ba, allunan shaguna yake rubutawa. Amma hanyar tana nan, ja, siririya, damina ba ta cinye ta. Makiyaya ba sa bin ta. Sun ce kullum da magariba akwai sabon sawu a kanta, dogo, ba takalmi.

Kuma kowane sawu gari yake fuskanta.