Muryar Nasiruddeen a Tsohuwar Kwamfuta

Bayan la'asar na bar Tambuwal a kan babur, na nufi Kebbe. Wata biyu ke nan da gama digirina na kwamfuta, ina ji kamar babu injin da zai gagare ni.

Inna Atu ce ta aiko a kira ni, mahaifiyar abokina Nasiruddeen da ruwa ya ci bara da damina. Ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Gazali, muryar wancan na cikin abin ga," in ji ta, tana nuna kwamfutarsa. "Ya ɗauki gaisuwa da karatu. An ce wani ya goge bisa kuskure. Ita kaɗai nika so."

"Inna, ƙaramin aiki ne! Abin da aka goge bai tafi ba, yana kwance a gurbinsa."

Na haɗa kwamfutar da batirin sola. Tsohuwa ce, mai ƙeya, sai nishi take. Nawarta ta ishe ni. Na tuna difirag, manhajar da malaminmu ya ce da ita ake tattara gutsattsarin fayil wuri guda tun zamanin iyayenmu, har mutane kan zauna suna kallon ƙananan akwatuna masu launi suna jeruwa.

"Bari in share mata ɗaki tukun, ta yi sauri."

"Shara da almuru, ɗan nan?"

Dariya na yi. Na danna.

Ja, shuɗi, ja. Akwatunan suka fara tsalle. Ƙit. Ƙit. Ƙit. Daga nesa ladan yana gyara murya.

Sai na tuna sauran darasin. Manhajar a gurbin abin da aka goge take zuba abin da ta kwaso. Ina binne muryar ne da hannuna.

Na danna a tsaya. Ta ƙi.

Warin laka ya cika ɗakin. Lakar gulbi, da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Tabarmar da nake zaune a kai ta jiƙe.

"In... na... kwal... lahiya..."

Ban haɗa lasifika ba. Daga bayana muryar ta fito.

Na fizge wayar batir. Allon bai mutu ba.

Ƙit. Kalma ta ɓace. Ƙit. Wata ta bi ta.

"Gazali," in ji muryar a hankali, dab da kunnena. "Kana taka ni."

Ɗigon ruwa mai sanyi ya sauka a wuyana.

"Gazali."

Ko yaro ya san ba a amsa irin wannan kira da almuru. Amma abokina ne. Bakina ya buɗe da kansa.

Tafin hannu ya rufe shi. Inna Atu. Ta ja ni baya har bakin ƙofa, tana karanto addu'a.

"Inna... ki ce... sunana..." in ji muryar.

Ta tsaya cak. Hawaye na bin fuskarta.

"Nasiruddeen," ta faɗa. Karo na farko a rayuwarta. "In kai na, tahi ka huta. In ba kai na ba, bar muna gida."

Ƙit.

Allon ya zama shuɗi gaba ɗaya, a jere tsaf. Ya mutu. Aka tada sallah.

Na kai faifan ajiyar kwamfutar Sakkwato wurin waɗanda suka fi ni. Kwana uku suna bincike, ko numfashi ba su samo ba.

Inna Atu ba ta zarge ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Duk Juma'a nakan je Kebbe. Ta zuba mini fura, ta ce, "Kai ka san shi. Ƙaƙa shika cewa in ya shigo gida?"

Sai in kwaikwaya, ita kuma ta rufe ido.

Jiya a hanya na yi ta ƙoƙarin tuno ainihin muryarsa. Tawa kawai nake ji.